Peugeot 504 ko Mercedes 230E: wacce ta fi dacewa da mai zama a Zariya?

Ɗan Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci ciki da waje. Motoci biyu aka yi mini tayi, kuma kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ta farko Fijo 504 ce salun, haɗin Kaduna, inji mai lita 2, kafireto, giya huɗu. Ta biyu Marsandi 230E ce, ƙirar W123, takardunta sun nuna 1982, giyar hannu, mai ita ya ce injektarta ta asali ce ba a taɓa ta ba. Dukansu suna tashi, suna tafiya.

Aikin da nake so ta yi shi ne zirga-zirgar cikin gari, daga Tudun Wada zuwa Samaru da Sabon Gari, sai zuwa Kaduna ko Kano jefi-jefi, da damina kuma shiga gona ta wajen Soba, inda akwai hanyar burji mai ramuka. Don Allah a faɗa mini bambancinsu a ƙarfi da gudu da shan mai, da kuma abin da ya kamata in sa bakanike ya duba kafin in biya. Na gode.

Malamin Samaru

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da abin da ke rubuce a takarda, masu gareji su ƙara da abin da suke gani da ido.

Fijo 504 ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har 2006, bayan Faransa ta daɗe da barinta. Injin da ke cikin taka shi ake kira XN1, cc 1971, silinda huɗu, faɗin silinda milimita 88, tafiyar fistin milimita 81. Ƙarfinsa doki 93 zuwa 96 ne gwargwadon shekara da irin kafireto. Kamshaf ɗinsa yana cikin bulok, sanduna ne ke tura bawul, kuma injin a kishingiɗe yake ta gefen dama. Nauyin motar ya ɗan haura kilo 1,200. Iyakar gudunta tana sabuwa ya ɗan wuce kilomita 160 a awa. Tankinta lita 56.

W123 kuwa an yi ta daga ƙarshen 1975 zuwa farkon 1986, an fitar da kusan miliyan 2.7. 230E ta zo a 1980 da inji M102, cc 2299, kamshaf a sama, injekta ta Bosch K-Jetronic, doki 136. Nauyinta ya kusa kilo 1,400. Gudunta kilomita 180 a awa, kuma daga tsaye zuwa kilomita 100 tana cin daƙiƙa 11 da rabi. Tankinta lita 65.

Idan ka raba nauyi da ƙarfi, kowane doki a Fijo yana jan kusan kilo 13, a 230E kuwa kilo 10. Wannan shi ne abin da za ka ji a ƙafarka lokacin da kake son wuce tirela a hanyar Kaduna da mutum biyar a mota. A nan babu gardama, Marsandi ce a gaba. Amma a cikin gari, daga Kofar Doka zuwa PZ, ba za ka ji wannan tazarar ba, domin XN1 yana ba da cikakken ƙarfin jansa tun daga zagaye 3,000 a minti, kuma yana jan giya uku a hankali ba tare da shaƙewa ba.

Shan mai bai bambanta sosai ba idan kowacce tana da lafiya: lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 a kan doguwar hanya, 13 zuwa 14 a cikin gari. Wanda ya ce maka Marsandi ta ninka Fijo shan mai, to Marsandin da ya gani injektarta a lalace take.

Abu ɗaya kafin komai: tabbatar 230E ɗin ce da gaske. Lambar shasi ta fara da 123.223, lambar inji ta fara da 102. Idan ka ga 123.020 ko 123.220, to 200 ce aka liƙa wa tambarin 230E a but. 200 ta farko mai inji M115 doki 94 kawai gare ta a jiki mai nauyi, Fijo ma tana barinta a hanya.

Bakaniken Fijo, Sabon Gari

Malam ya gama da lissafi, Allah ya ƙara sani. Ni kuma Alhaji, maganar hanyar gona da ka yi ita ce ta yanke mini hukunci. Ɗauki Fijo, amma sai bayan an duba waɗannan.

Fara da ruwa. Injin 504 silif gare shi masu cirewa, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, ruwan lagireto na zagaye su kai tsaye, kuma tof ɗinsa, wato murfin saman silinda, alminiyam ne a kan bulok na baƙin ƙarfe. Wannan ne alherinsa, domin idan ya tsufa sai a zare silif da fistin a sa sababbi, ba sai an kai bulok wurin masu rarakewa ba. Wannan ne kuma rauninsa. Idan ya yi zafi sau ɗaya mai tsanani, tof na iya lanƙwasa, gaskit ya ƙone. Idan takardar da ke ƙarƙashin silif ta ruɓe, ruwa zai riƙa sauka cikin baƙin mai. Zaro sandar awon mai, buɗe murfin zuba mai, idan ka ga fari-fari kamar madara, ka san akwai aiki. Buɗe lagireto da safe kafin a tashe ta, a tashe ta kana kallo, idan kumfa na tasowa a kai a kai, gaskit ne.

Duk bakaniken da zai cire tof ɗin wannan injin, kada ya juya karanshaf sai ya danne silif da woshi da kusoshi. Idan ya juya, silif zai ɗaga, takardar ƙasa ta yage, a mayar da komai a tashe ta, bayan mako ruwa ya shiga mai. Silif kuma dole ya fi bulok tsawo da kamar milimita 0.1, shi ne yake danne gaskit. A ɗaure tof daga tsakiya zuwa waje da safana mai awo, bayan kilomita 1,000 a sake ɗaurewa a sake saita bawul. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sannan su zargi gaskit.

Saitin bawul inji na sanyi: na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Tazarar kwantak milimita 0.40, ta fulogi 0.60. Tsarin wuta 1-3-4-2, amma a lura, a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci, ba ta wajen lagireto ba. Yaron da ya saba da Toyota zai jera wayoyin fulogi a juye idan ba a gaya masa ba.

Fankarta ta asali mai maganaɗisu ce, sai inji ya yi zafi take kamawa. Yawancinsu sun mutu, an ɗaure su suna juyawa kullum. Babu laifi a zafin Maris da Afrilu, sai ɗan ƙara da ɗan ƙarin mai. Abin da ba na so shi ne cire tamostat da zuba ruwan rijiya. Ruwan rijiya zalla yana cin alminiyam ɗin tof, yana toshe lagireto da tsatsa. A sa tamostat, a zuba ruwan sanyaya inji na gwangwani.

Sai ka shiga rami ka leƙa ƙasa. Farfelar 504 tana cikin bututun ƙarfe tun daga giya har aksul, dutse ba ya samunta, laka ba ta shiga. Salun iri biyu ce a baya: akwai mai ƙafa kowacce da kanta da shaf biyu, akwai mai aksul guda kamar ta wagon. Kada ka bi tambarin da ke but, idonka ne zai gaya maka. Mai ƙafa biyu ta fi laushi, amma duba robar shaf, idan ta yage ƙasa ta shiga, za ka ji ƙas-ƙas. Mai aksul guda ta fi ɗaukar buhu. Idan kana jin "gum" lokacin da ka saki totur ka sake takawa, haƙoran farfela sun ci ko robobin da ke riƙe aksul sun mutu.

Abin da ya sa direbobin tasha suka riƙe 504 wagon shekaru a layin Kano da Jos da Funtuwa shi ne tsawon tafiyar sufirin da shokazoba. Ƙafar tana sauka cikin rami ta dawo ba tare da jikin motar ya bugu ba. Ba a banza ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 ba.

Kayan gyara kuwa, abin da ba ka samu a Sabon Gari ba za ka samu a Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano, kuma abubuwa da yawa na injin 505 mai kafireto suna shiga. Matsalar yanzu jabu ce. Fas na asali ɗan kwatano ya fi sabo mai arha, musamman famfon ruwa da bol-joyin da masta ta birki.

Mai Marsandi, Kwangila

Oga, duk abin da ka faɗa a kan Fijo gaskiya ne, amma a yi wa W123 adalci. Jikinta ya fi kauri, an ƙera gaba da bayanta su lanƙwashe su shanye karo a bar ɗakin fasinja, birki faifai ne a ƙafa huɗu, kuma a gudun kilomita 120 tana zaune daram, iska ba ta kaɗa ta. Wanda yake hawa hanyar Kaduna da iyali ya sa wannan a ma'auni. Kujeru da ƙofofi da dashbod ɗinta kuma suna kai shekara arba'in ba su saki ba, abin da ba za a ce a kan yawancin 504 ba.

Alhaji, rayuwar 230E tana wuri ɗaya: K-Jetronic. Ba ta da kwamfuta. Iska na tura wani faifai, faifan na ɗaga wani ɗan fistin a cikin marabar mai, mai ya tafi nozul huɗu ba tsayawa. Famfon lantarki yana ƙasa ta baya kusa da tanki, tare da matata da wata 'yar tukunya mai riƙe matsi. Matsin ya haura bar 5. Wannan ɗan fistin an goge shi daidai da raminsa, ɗigon ruwa ko tsatsa ya isa ya maƙale shi. Saboda haka man bumburutu na gefen hanya haramiyarta ne, kuma kada tanki ya riƙa zama a ƙasa da kwata. Fijo za ta sha gurɓataccen mai ta yi tari, a wanke jet a wuce. Wannan ba za ta yafe ba.

Ga yadda za ka gwada ta. Ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi. Ya kamata ta tashi a kik ɗaya ko biyu ba tare da taka totur ba, sulo ya ɗan hau, ya sauko bayan 'yan mintoci. Idan tana mutuwa da sanyi, na'urar da ke daidaita matsi lokacin ɗumama ta toshe. Sannan a yi tafiya ta yi zafi sosai, a kashe, a jira minti 20 zuwa 30, a sake tashi. Idan sai an daɗe ana kik, matsi na zubewa, ko ta 'yar tukunyar nan, ko ta bawul ɗin bakin famfo, ko nozul na ɗiga. Baƙin hayaƙi da warin fetur a salansa alama ce wani ya murɗa sukurun saitin mai da ka. Wannan sukurun da makullin alen mai milimita 3 ake taɓa shi, kaɗan-kaɗan, kuma bayan an auna matsi da geji. Bakaniken da ba shi da wannan gejin kada ya buɗe marabar mai. Abin da ke biyo baya shi ne a ce a cire a sa kafireto, motar ta rasa ƙarfinta da darajarta gaba ɗaya.

Na biyu sarƙar tayimin. M102 na cikin W123 sarƙa mai layi ɗaya gare shi. Idan kana jin ƙarar sarƙa daƙiƙa biyu-uku bayan tashi, a canja ta da abin da ke ɗame ta da robobin da take bi, domin idan ta tsallake, fistin zai haɗu da bawul. Ta 1982 bawul ɗinta na saiti ne da hannu, milimita 0.15 na shiga, 0.30 na fita, inji na sanyi. Buɗe murfin sama ka dubi kamshaf, idan tuddansa masu tura bawul sun yi zane, an daɗe ana wasa da canjin mai.

Na uku ƙafar gaba. Sitiyarinta na akwati ne, ba irin na Fijo mai sanda da haƙora ba. Wasan da aka yarda da shi a bakin sitiyari kamar santimita 2 da rabi ne. Kafin a zargi akwatin, a duba tayarod da bushin na hannun gefen dama da ƙaramar shokazobar sitiyari. Ɗaure sukurun akwatin fiye da kima na cinye shi. Bol-joyin na ƙasa shi ke ɗauke da nauyin sufirin, idan yana kuka lokacin juya sitiyari a canja shi a ranar, domin idan ya fita ƙafar kwanciya take yi. Sufirin ɗin gaba kuma dogo ne mai ƙarfi, ana cire shi da matsewar da ke shiga ta cikinsa. Kada a bari yaro ya gwada da jak da igiya, yana iya kashe mutum.

Farfelarta a buɗe take, da faifan roba gaba da baya da boris a tsakiya. Robar ta tsage, a canja. Tsatsa kuwa a duba ramukan jak huɗu, ƙarƙashin batir, kwarmin da hinjin bonet ke kwanciya, sannan a ɗaga kafet a taɓa ƙasa.

Direban layin Jos

Ni ƙarin bayani ɗaya zan yi a kan man giya, domin motocin nan biyu ana cutar da su a wuri guda. Giyar 504 baƙin man inji take sha, lita ɗaya da 'yan kai. Giyar hannu ta W123 kuwa jan man giyar otomatik take sha. Sai ka ga an ɗura musu mai kauri lamba 90 ko 140, da sanyin hunturu giya biyu ta ƙi shiga da safe, a ce giya ta lalace. Mai kaurin nan na aksul ne, 80W-90. A inji 20W-50 ya dace da su duka, Fijo kamar lita 4, Marsandi kamar 4 da rabi, a canja duk kilomita 5,000. Lokacin ƙurar hunturu a riƙa buɗe matatar iska duk mako biyu.

Game da gona, ban yarda a ce Marsandi ba za ta shiga ba. W123 ta yi tasi a Maroko shekaru da dama a hanyoyin da ba su fi namu ba. Amma waɗancan yawanci masu dizal ne, 240D, kuma an ɗaga su. Wadda ta zo daga Turai ƙasa-ƙasa take, sufirin ya gaji, hancinta da wutsiyarta dogaye. Tsawonta mita 4.72, Fijo 4.49. Ana iya sa mata robar saman sufirin mai kauri, a yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Ko da haka famfon mai da bututunsa suna ƙasa ta baya, wurin da kunya da kututture ke duka. Idan ta tsaya maka a bayan Soba, wa zai taɓa ta? Fijo kuwa sukundireba da safana lamba 10 da 13 da kwantak na ajiya a aljihun mota sun isa su dawo da kai gida.

Ɗan Tudun Wada

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. An duba lambar Marsandin, 123.223 ce. Da sanyi tana tashi nan take, da zafi sai an yi kik kamar sau huɗu. Fijon kuma mai aksul guda ce, mai da ruwa ba su haɗu ba, amma tana ɗan fitar da shuɗin hayaƙi idan an saki totur a gangara aka sake takawa, kuma ƙasan ƙofofin baya ya yi kumburi a ƙarƙashin fenti. Oga, wanne ne babban ciwo a cikinsu?

Bakaniken Fijo, Sabon Gari

Alhaji, hayaƙin bai tayar mini da hankali ba. Shuɗin hayaƙi bayan gangara yawanci mai ne ke bi ta jikin bawul ya sauka, aikin tof ne. Don a tabbatar, a auna matsin silinda huɗun inji na zafi, an cire fulogi duka, totur a buɗe. Kowacce kada ta gaza bar 9, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce bar 1. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. Idan ta hau, ringi ne, sai a shirya kuɗin silif da fistin. Idan ba ta motsa ba, bawul ne. A yi wa Marsandin wannan awon ita ma.

Tashin zafin Marsandin, kamar yadda ɗan'uwana na Kwangila ya faɗa, matsi ne ke zubewa. A sa geji, a kashe inji, a ga ko allurar ta faɗi cikin minti goma. Idan 'yar tukunyar ce ko bawul ɗin famfo, gyara ne mai sauƙi, sai dai ka tambayi kuɗin na asali ka cire daga farashin motar, domin mai yiwuwa sai an aiko da shi daga Ladipo a Legas.

Kumburin fentin shi ne abin tsoro. Ƙofa ba komai ba ce, ana samun ta a Panteka. Amma tsatsar da ta fito a ƙofa ba ta tsaya nan ba. Ɗauki maganaɗisu ka naɗe shi da ƙyalle ka bi ƙasan ƙofofi da dogarin da ke ƙarƙashinsu da bakin tayoyin baya, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika. Sannan a rami, da tocila da sukundireba, a soki wuraren nan: saman da shokazobar gaba ke ɗaure a cikin bonet, ƙarfen shasi biyu na gaba inda kurosmemba ke kamawa, ƙasan ƙafar direba, mazaunin sufirin na baya, da ƙasan but. Idan sukundireba ya shige a mazaunin shokazoba ko na sufirin, ko ka ga walda a kan walda a ƙarfen shasi, bar ta ko da an rage maka rabin kuɗi, domin ba za ta riƙe alaimen ba, za ta riƙa cin taya ta gefe ɗaya. Idan wuraren nan biyar suna da ƙarfi, biya kuɗin Fijon, ka fara da wanke lagireto, sabon tamostat, fanbel, tiyon ruwa na sama da na ƙasa, sannan a zubar da tsohon man birki a sa DOT 4 kafin ta hau hanyar Kano.